Marigayi Alhaji Mamman Shata, Mawaƙin Da Bai Gaji Kiɗa Ba

A cikin mutanen da Kudancin Katsina ta fitar, da wuya a sami wanda sunansa ya kai inda na Alhaji Mamman Shata ya kai. Tun shekarar 1999 ya riga mu gidan gaskiya, amma har yanzu in mutum ya shiga tashar mota a Funtuwa, ko ya zauna rumfar mai shayi a Malumfashi, ko ya ratsa ta Gozaki da kaka, ba zai daɗe ba sai ya ji muryarsa tana tashi daga wani akwati. Yau tarihinsa za mu kawo wa masu karatu. Abin da mu ke so a lura da shi a ciki shi ne yadda mutumin da bai gaji ko ganga ɗaya ba ya ɗauki waƙar Hausa, ya fitar da ita daga ƙofar fada, ya kai ta kasuwa da tasha da gona, sa'an nan ya bar mana wata amana wadda har yau ba mu gama sauke ta ba.

Asalinsa

An haifi Muhammadu a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafillace ne, kuma a gidansu babu makaɗi, babu maroƙi. An sa shi makarantar allo kamar sauran yara. Da ya tasa sai aka ɗora masa tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa. A nan ne halinsa ya fara bayyana, gama in ya sayar ya sami kuɗi, sai ya bi mutane yana rabarwa, ya komo gida hannu rabbana. Saboda wannan ɓarnar dukiya da ya ke yi ne wani ɗan'uwansu ya laƙaba masa Mai-shata, sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

A wancan lokaci samari da 'yan mata su kan taru a dandali da dare, ko ranar kasuwa, masu kalangu suna kiɗa, ana wasa ana waƙe-waƙe. Nan Shata ya fara buɗe baki, don nishaɗi kawai, ba don neman abin hannun kowa ba. Ba a jima ba ya gagari tsaransa, har ya zama in an ce yana wuri sai samarin ƙauyuka su yo ɗango. Mahaifinsa bai so wannan hanya ba ko kaɗan, domin a wurinsa waƙa roƙo ce, roƙo kuwa abin kunya ne ga ɗan gidan da ba su gada ba. Ya hana iyakar hanawa, amma abin da Allah ya rubuta wa mutum ba ya kankaruwa. Shata ya ajiye faifan talla, ya bi kalangu.

Yadda kiɗa ya ke kafin zuwansa

Ba za a gane girman abin da ya yi ba sai an tuna yadda sana'ar ta ke sa'ad da ya shige ta. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma kowane makaɗi da nasa ubangida ko nasa rukunin jama'a. Tambari da taushi da kotso da jauje na sarauta ne. Manoma da nasu makaɗa, maƙera da nasu, maharba da nasu, 'yan dambe da nasu. Makaɗin fada, irin su Ibrahim Narambaɗa wanda ya tsaya ga Sarkin Gobir na Isa, ko Sarkin Taushin Katsina, yana ƙarƙashin ubangidansa ne, shi ke ci da shi, shi ke tufasar da shi, ba ya kuwa zuwa ya waƙe wani sai da izini. Kalangu shi ne na baya a daraja, don an san shi da mahauta da wasan 'yan mata. Ba a zaton mai kalangu ya tsaya gaban sarki a saurare shi kamar yadda a ke sauraron mai kotso.

To, da wannan kalangun da aka raina ne Shata ya fito. Bai ɗaure kansa ga ƙofar kowa ba. Ya yi iyayen gida da yawa, ya kuma riƙe amanarsu, amma bai zama bawan gidan wani ba. Wanda ya kyautata masa ya waƙe shi, ko sarki ne, ko direba, ko mai sayar da abinci.

Ƙasar auduga

Wannan 'yanci da ya samu ba daga sama ya faɗo ba, yana da dalili, dalilin kuwa yana cikin ƙasar da ya zauna. Tun zamanin sarakunan Haɓe an san ƙasar Gozaki da albarkar noma, musamman auduga. Da Turawa suka zo, suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa, ta kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kuma kafa injunan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Sai kuɗi suka fara shiga hannun waɗanda a da ba su da su. Manomin Gozaki ko na Kafur ko na Ɗanja ya kan kai audugarsa kasuwa da kaka, a auna a biya shi tsaba. Aka sami malaman awo, da dillalai, da masu motocin ɗaukar kaya, da direbobi, da 'yan kamasho, da fataken da ke zuwa daga nesa. Waɗannan mutane ba su da sarauta, ba su da makaɗan gado, amma suna da abin kyauta, suna kuma so a san da su. Shata shi ne ya zama makaɗinsu.

Wanda ya fara jawo shi cikin wannan yanki shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, wanda ke aikin En'e a Bakori wajen sayen auduga da gyaɗa. Shi ya kira shi ya zo ya zauna kusa da shi. A Bakori Shata ya yi aurensa na fari, daga nan kuma ya riƙa fita yawon kiɗa garuruwan da ke kewaye, har zuwa Katsina da Kano. A 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin nan da a ke kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da yawa a lokaci guda. Makaɗa sun taru daga ko'ina, amma ɗan kalangun nan na ƙasar Katsina shi mutane suka koma gida suna zancensa. Daga ranar tauraronsa bai sake dusashewa ba.

A 1960 ya ƙaura zuwa Funtuwa, wadda ta fi Bakori jama'a da hada-hada, ga tashar jirgi, ga hanyoyin mota sun haɗu, ta Zariya da ta Gusau da ta Katsina. Nan ya kafa gida, ya zauna kusan shekara 40, ko da ya ke ya mallaki gidaje a wasu garuruwa. Ya kuma yi noma sosai kamar sauran mutanen yankin. Saboda haka ko da ya ke Musawa ce mahaifarsa, mutanen Funtuwa da kewayenta suna da hujja in sun ce nasu ne.

Yadda ya ke waƙa

Kalangu ganga ce mai baki biyu, tsakiyarta a tsuke, da igiyoyin fata da suka haɗa bakin nan da wancan. Makaɗi ya kan rataya shi a hammata, in ya matse igiyoyin sai sautin ya hau, in ya sassauta sai ya sauka. Da ya ke Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, gwanin kalangu yana iya sa shi ya yi magana, mai kunne ya gane. Shata da kansa ba ya riƙe ganga in yana waƙa. Makaɗansa ke kewaye da shi da kalangai manya da ƙanana, su ne kuma 'yan amshinsa.

Makaɗan fada su kan zauna a gida da yaransu su tsara waƙa, su maimaita ta har ta zauna, kowa ya san inda zai karɓa da inda zai ƙara. Shata ba haka ya ke yi ba. Ya kan ba yaransa gindin waƙa gajere, layi ɗaya ko biyu, su riƙe shi suna maimaitawa ba canji, kiɗa kuma ya tsaya kan kari guda. Sauran aikin duka nasa ne. A nan tsaye, gaban jama'a, zai riƙa ƙago ɗiyan waƙar, yana duban wanda ya shigo, da wanda ya yi kyauta, da abin da ya faru a hanya, yana sakawa. Wani ɗan ya yi tsawo, wani ya gajarta, amma ba ya saɓa wa kiɗa, kuma duk inda ya ajiye magana nan amshi zai tarye shi. Hausarsa kuwa ba ta da wuya. Ba ya neman kalmomin da sai an tambayi tsofaffi, da maganar kasuwa ya ke aiki, sai dai ya san inda zai ajiye kowace kalma ta yi nauyi.

Abin da wannan hanya ta haifar shi ne, Shata ba ya yin waƙa ɗaya sau biyu daidai wa daida. Bakandamiya, wadda ita ce waƙar da ya ke wasa kansa a ciki yana kirari ga sauran mawaƙa, ya yi ta sau da yawa cikin shekaru masu yawa, kuma wanda ya saurari biyu ko uku daga cikinsu zai ga gindin ne kaɗai bai sāke ba.

Masu karatu da suka san kiɗan ƙasashen waje za su ga wannan ya yi kama da kiɗan nan da a ke kira jaz, wanda baƙaƙen fatan Amurka, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka zamanin cinikin bayi, suka ƙago a farkon ƙarni na 20, musamman a birnin New Orleans. Su ma su kan ɗauki kari guda sananne su kafa shi, sa'an nan gwani ya hau kansa yana ƙago nasa nan take. Fats Waller, wanda ya rasu a 1943, da Nat King Cole, wanda ya rasu a 1965, da haka suka yi suna, suna kaɗa piyano suna waƙa. Louis Armstrong, mai busa ƙaho, har Nijeriya ya zo ya yi wasa a 1960, shekarar da Shata ya koma Funtuwa. Ba daga gare su Shata ya koya ba, su ma ba daga gare shi suka koya ba. Abin da ya haɗa su shi ne, a wurinsu duka waƙa ba ta gama haihuwa sai a gaban masu sauraro.

Waɗanda ya waƙe

Ya waƙe sarakuna, babba a cikinsu Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, ya kuma zama ubangidansa mafi kusa. Ya waƙe attajiran Kano da na Katsina, da dogarai, da direbobi, da mata masu sana'a, da 'yan bori. Mutane da yawa waɗanda ba su da sarauta, ba su bar littafi ba, ba su bar gini ba, yau ba a tuna da su sai don Shata ya ambace su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tarihin da a ke rubutawa ya fi kula da masu mulki, amma wanda ke so ya san su wane ne ke riƙe da kasuwa da tasha a Arewa tsakanin 1950 da 1990, to, ya saurari Shata.

Bai tsaya ga yabon mutane ba. Ya yi begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya yi wa dazuzzuka da tsuntsaye da garuruwa waƙa. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa zuciyar soja da kiran jama'a ga haɗa kan ƙasa. Da Amurkawa suka sauka kan wata a 1969 cikin kumbon Apollo 11, ya yi wa kumbon waƙa, har manomin da bai taɓa riƙe jarida ba ya sami labari. Gwamnatoci sun gane amfaninsa, suka riƙa neman bakinsa in suna so saƙo ya kai ƙauye, domin abin da malamin gona zai yi wata yana bayani, Shata ya kan isar da shi a dare ɗaya.

Zamani kuma ya taimake shi. An buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, ƙananan akwatunan rediyo masu batir suka yawaita, aka ɗauki muryarsa a faifan garmaho, daga baya kaset ya zo. Ta haka muryarsa ta riga shi zuwa Maraɗi da Damagaram, da zangunan Hausawa na Kumasi da Ankara, da Kamaru da Cadi da Sudan. Shi kansa ya yi tafiye-tafiye cikin Afirka ta Yamma, ya sauke farali, ya je Ingila da Amurka.

Inda aka yi masa suka

Ba za mu ɓoye ba, gama tarihin da ya ɓoye aibi yabo ne kawai, mu kuwa ba kalangu mu ke kaɗawa ba. Shata mutum ne mai kaifin harshe. In ya yi fushi da mutum ya kan yi masa zambo ko habaici mai zafi, irin wanda ke bin mutum har kabari, ya kuma bi 'ya'yansa. Jama'a da yawa sun ɗauka bakinsa ba ya faɗuwa ƙasa banza, don haka wasu kyautar da su ke yi masa ta tsoro ce, ba ta ƙauna ba. Ya kuma yi waƙoƙin da malamai suka ƙi, har da ta shan giya, wadda ta bazu ƙwarai. Waɗanda suka ce waƙa tana sa attajiri ya watsar da dukiya don a ambaci sunansa, maimakon ya gina makaranta ko rijiya, su ma ba su rasa hujja ba.

Amma in an auna da adalci, za a ga abin da ya samu bai tsaya a hannunsa ba. Halin nan na yaro mai tallan goro bai bar shi ba har tsufa, an san shi da kyauta, gidansa kuma cike ya ke da masu ci a ƙarƙashinsa. Ya kuma nuna mawaƙi yana iya tsayawa da ƙafarsa cikin sha'anin jama'a, gama an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya cikin shekarun 1970, daga baya kuma ya shugabanci jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa zamanin jamhuriya ta uku.

Girmamawa da rasuwa

A 1975 Malam Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'ummar Hausa da Fulani. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dakta na girmamawa. A duba wannan al'amari: sana'ar da uba ya ƙi don kunya, ita ce ta sa shaihunan malamai suka miƙe tsaye suka yafa wa ɗansa alkyabbar ilmi.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da ciwo, aka kai shi asibiti a Jidda, aka komo da shi Kano. Allah ya karɓi abinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ran Jumma'a, 18 ga Yuni, 1999, yana da shekara 76. Aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can.

Amanar da ya bari

Shi kansa Shata bai san adadin waƙoƙinsa ba, kuma bai rubuta ko ɗaya ba. Mun riga mun faɗi cewa kowane tashi da ya yi sabuwar waƙa ce. To, ma'anar wannan ita ce, duk daren da ya yi wasa ba a ɗauka ba, waƙar wannan dare ta tafi ke nan, duk kaset ɗin da ya lalace kuma, ba kwafi ne ya lalace ba, wata waƙa ce ta mutu wadda ba ta da ta biyu. Amurkawa sun gane haka game da nasu mawaƙan jaz, suka tattara faya-fayansu a ɗakunan ajiya, suka rubuta ranar da aka ɗauki kowanne da sunan kowane makaɗi da ya sa hannu. Mu nan an yi ƙoƙari. Littafin Shata Ikon Allah, wanda Malam Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, babban aiki ne, masu nazari a jami'o'inmu kuma ba su zauna ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Funtuwa da Bakori da Musawa da Malumfashi, da ƙauyukan ƙasar Gozaki, akwai gidajen da tsofaffin kaset ke cikin adaka, zafi da ƙura da gara suna cinsu. Akwai dattawan da suka halarci wasanninsa, waɗanda suka san wane ne wane a cikin waƙa, da dalilin da ya sa aka yi ta, kuma kullum raguwa su ke yi. Waƙoƙin da ke yawo a wayoyin samari sau da yawa ba su da shekara, ba su da sunan wuri, wasu ma an yanke su. Muna kira ga hukumomin al'adu na Jihar Katsina, da gidajen rediyon da ke da tsofaffin faya-fayai, da sassan Hausa na jami'o'i, su haɗa kai su bi gida gida su kwafe abin da ya saura, su rubuta bayanin dattawa tun suna da rai. Wanda kuma ke da kaset a ɗaka, kada ya yar, kada ya ɓoye, ya kai inda za a adana. Da zafi a kan bugi ƙarfe.

Ga samarinmu masu sha'awar waƙa kuwa, darasin a fili ya ke. Shata bai ari muryar kowa ba, bai raina kayan kiɗan garinsu ba, bai kuma jira sai ya gada ba. Da abin da ya tarar a dandalin Musawa ya yi aiki, har duniya ta san shi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshe, amin.